Bidiyo ya ƙi buɗewa, sauti ya ɗauke: yadda ake gano inda matsalar take tsakanin waya da talabijin

Mutum ya je shagon turi a Birnin Kebbi ko Jega, an cika masa memori da fina-finai da karatun malamai, ya dawo gida ya tarar rabinsu ba sa buɗewa. Abin da zai fara zargi shi ne wayarsa. Daga nan sai wurin mai gyara, a yi mata filashin, hotuna da lambobi su salwanta, matsalar kuma tana nan daram. Sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau. Kafin bidiyo ya iso idonka yana bi ta hannu huɗu: fayil ɗin kansa, manhajar da ke buɗe shi, hanyar da ta ɗauko shi, wato kebul ko iska, sai allon da ke nuna shi. Aikinka shi ne gano hannun da ya saki, kuma ba a gane shi sai an canza abu ɗaya an bar sauran yadda suke. Fayil ɗin da ya ƙi a wayarka, gwada shi a wayar wani. In ya buɗe a can, laifin yana wajenka. In can ma ya ƙi, kada ka taɓa wayarka, fayil ɗin ne ko memorin.

Mu fara da memori, don nan ne aka fi cutar mutane. Akwai na jabu da ake rubuta wa 64GB ko 128GB alhali ainihin cikinsa bai wuce 8GB ba. An sauya bayanin da yake ba waya ne, don haka wayar ma 64 za ta nuna maka. Fayilolin farko da aka zuba suna aiki lafiya. Da an wuce ainihin girmansa, sabon abin da aka zuba ko dai ya ɓace ko ya hau kan na baya ya lalata shi. Alamarsa ba ta ɓuya: sunan fim yana nan, girmansa yana nan, amma in ka taɓa sai a ce ba a iya buɗe shi, kuma na ƙarshe-ƙarshen turi ne suka fi mutuwa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika memorin maƙil sannan a karanta abin da aka zuba. Manhajar H2testw a kwamfuta mai Windows aikinta ke nan, tana rubuta bayanai har ya cika, ta dawo ta duba, ta faɗa maka ainihin girmansa. Tana cin lokaci, amma duk mai shagon turi ya kamata ya riƙa yi wa sabon kaya wannan gwaji kafin ya sayar, domin sunan shagonsa ne ke ɓaci in kaya ya mutu a hannun mai saye. Fomatin ba ya gyara memorin jabu.

Akwai kuma fayil ɗin da turinsa bai kammala ba, an zare kebul ko Xender ya yanke ana saura kaɗan. MP4 da yawa suna ajiye jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake a ƙarshen fayil, shi ya sa in ƙarshen bai iso ba, ko daƙiƙa ɗaya ba zai nuna ba. MKV yakan yi wasa har inda ya yanke. Kwatanta girman wanda ke hannunka da na asali, in sun bambanta sai a sake turi.

Buhu daban, abin da ke ciki daban

MP4 da MKV da AVI da kake gani a ƙarshen suna, buhu ne kawai. Buhun taki yana iya ɗauke da shinkafa, yana iya ɗauke da gero. Abin da ke ciki shi ne tsarin da aka matse hoton da sautin da shi, wanda ake kira kodek, kuma shi ne talabijin ke iya karantawa ko ta kasa. Wanda kusan kowace na'ura ta sani shi ne H.264. Na bayansa, H.265, wanda kuma ake rubutawa HEVC ko x265 a jikin sunan fim, yana rage girman fayil sosai ba tare da hoton ya lalace ba, don haka masu turi ke son sa. Sai dai tsofaffin talabijin da dikodoji da ƙananan wayoyi da yawa ba su san shi ba. In kana jin murya amma allo baƙi, ko hoton yana tsalle kamar ana jan sa, duba ko HEVC ne. In kuma hoto yana tafiya sumul amma shiru, sautin ne aka matse da AC3 ko EAC3 ko DTS, waɗanda wasu manhajoji ba su zuwa da su saboda batun lasisi.

A waya gyaran mai sauƙi ne. Saka manhajar VLC, kyauta ce, kuma tana zuwa da nata kayan karanta kodek. Mai amfani da MX Player ya duba saman allo, zai ga HW ko HW+ ko SW. HW na nufin ɓangaren wayar da aka ƙera don bidiyo shi ke aikin, SW kuma na nufin ƙwaƙwalwar wayar ce ke ɗaukar nauyin gaba ɗaya. In HW ya ƙi, koma SW, amma ka san batir zai sauka da sauri kuma wayar za ta yi zafi. Ƙaramar waya mai RAM 2GB da wuya ta ja HEVC mai 1080p ta wannan hanya ba tare da sarƙewa ba.

Talabijin kuwa ba a sauya mata manhaja cikin sauƙi, fayil ɗin ake sauyawa. Buɗe fayil ɗin da manhajar HandBrake a kwamfuta, zaɓi Fast 720p30 ko Fast 1080p30, zai fitar da MP4 mai H.264 da sautin AAC, wanda da wuya a sami talabijin mai ramin USB da za ta ƙi shi. Goge .mkv daga suna a rubuta .mp4 ba ya canza komai, rubutun jikin buhu kawai aka sauya. Haka abin yake ga karatu da wa'azin da ake yaɗawa ta WhatsApp: saƙon murya yana zuwa ne a tsarin opus, kuma rediyon mota da ƙananan akwatunan da dattawa ke saka wa memori MP3 suka fi sani. Sai an mayar da shi MP3 na gaske. A 128 kbps minti ɗaya yana cin kusan 1MB, ke nan tafsirin awa ɗaya bai kai 60MB ba, kuma ga murya zalla 64 kbps ma ya wadatar.

Masu iPhone su lura, kyamararsu HEVC take ɗauka in ba a canza ba. Wanda zai ɗauki biki ko walima don a kalla a talabijin ɗin gida, ya shiga saitin kyamara, wajen Formats, ya zaɓi Most Compatible, ya kuma kashe bidiyon HDR, don shi ke sa kala ta fito a koɗe a allon da bai san shi ba.

Ita ma filasha, wadda ake sokawa a ramin USB, tana da nata matsalar. In an yi mata fomatin da FAT32 ba za ta karɓi fayil ɗaya da ya wuce 4GB ba, ko da fili ya rage. exFAT ba shi da wannan iyaka, amma tsofaffin talabijin da dama ba sa ganin sa sam, sun fi gane FAT32 da NTFS. In talabijin ta ce babu komai a filashar da ka san cike take, wannan ne wurin dubawa. Ƙaramin abu ga masu fassara: fayil ɗin rubutun ƙasan allo, SRT, dole sunansa ya zama ɗaya da na fim ɗin, kuma a ajiye shi a tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya.

Kebul ɗin da bai kamata a saya ba

Nan ne kuɗi ke tafiya a banza. Ganin ramin USB-C a waya ba ya nufin tana fitar da hoto ta nan. Sai an ƙera ta da abin da ake kira DisplayPort Alt Mode, kuma galibin wayoyin Tecno da Infinix da itel da ke hannun jama'a ba su da shi, raminsu na caji ne da tura fayil. Ko ka sayi kebul mafi tsada daga USB-C zuwa HDMI, talabijin ba za ta ga komai ba, kuma ba laifin kebul ɗin ba ne. Jerin Galaxy S na Samsung tun daga S8 suna fitar da hoto, iPhone 15 ma haka, tsofaffin iPhone kuwa sai da adaftar Lightning zuwa HDMI. Kafin ka biya, ka roƙi mai shago ya gwada da wayarka a gabanka.

Wanda wayarsa ba ta da wannan, hanyar iska ta rage masa. Miracast yana haɗa waya da talabijin kai tsaye, ba ya buƙatar data ko rauta. A Samsung sunansa Smart View, a wasu wayoyin Cast ko Wireless Display. In talabijin ba ta da shi ana soka mata wata 'yar na'ura mai suna AnyCast a ramin HDMI. Yawan yankewar da ake kuka da shi a wannan ɗan abu, wuta ce ba ta isar sa. Ramin USB na talabijin da yawa 500mA yake bayarwa, shi kuma yana son 1A a kan 5V. Cire shi daga jikin talabijin ka ba shi kan caja mai kyau, ka kuma fito da eriyarsa daga bayan allo. Chromecast, wanda shi ma a ramin HDMI ake soka shi, daban yake: shi da kansa yake jawo bidiyon daga intanet, wayar umarni kawai take ba shi, don haka dole su kasance a kan Wi-Fi ɗaya. In hotspot za ka yi amfani da shi, saitin farko yana son waya biyu.

Idan komai yana fita a allo amma da ka buɗe Netflix sai baƙi, ba lalacewa ba ce. Kariyar haƙƙin mallaka ce ke hana kwafar hoton zuwa na'urar da ba a amince da ita ba. Haka nan in fim yana fitowa dishi-dishi duk da sabis mai ƙarfi, manhajar DRM Info za ta nuna maka matakin Widevine na wayar, wato tsarin wannan kariya. L1 yana ba da HD, L3 ba ya wuce ƙaramin hoto, kuma ƙarin data ba ya ɗaga shi. Ga YouTube kuwa, 480p yana son kusan 1.1 Mbps, 720p yana son 2.5, 1080p kuma 5. A garin da sabis ke hawa yana sauka, tsayar da shi a 480p da hannunka ya fi barin sa yana zaɓa da kansa.

Zafi da ƙura

A Maris da Afrilu zafin Kebbi yana wuce digiri 40 da rana. Waya in ta yi zafi tana rage gudun ƙwaƙwalwarta don kare kanta, shi ya sa fim ke fara tafiya lafiya, bayan minti 20 ya soma sarƙewa. Kallo ana caji, waya cikin kwaba mai kauri, wato rigar da ake saka mata, a kan katifa, shi ne haɗin da ya fi kawo wannan. Cire kwabar, zare cajar, rage hasken allo. Kada a saka ta a firij, raɓar da za ta taru a cikinta ta fi zafin illa.

Hunturu kuma ƙura yake kawowa. In ta cushe ramin iyafis, wayar takan ɗauka an soka wani abu, sai ta nuna alamar iyafis a sama ta kashe lasifikarta. Kashe wayar, ka share ramin a hankali da tsinken sakace na itace, ban da allura ko wani ƙarfe. Ragar lasifika kuma busasshen buroshin haƙori mai laushi ya ishe ta.

Bluetooth yana da jinkiri a halittarsa, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, shi ya sa baki ke motsi kafin magana ta fito. A VLC akwai wurin matsar da sauti gaba ko baya, a riƙa gusawa da 50ms har su daidaita. In sifika ta haɗu amma kira kawai take ɗauka, shiga saitinta a Bluetooth ka kunna sautin waƙa da bidiyo, maɓallinsa daban ne da na kira. Masu haɗa waya da amfilifaya a wurin taro ko makarantar dare, in ana jin ƙugi a ƙarƙashin murya, su zare cajar wayar su saurara. In ƙugin ya tsaya, cajar ce ke shigo da shi, musamman a kan janareto ko ƙaramar inbata. A yi caji kafin taro, ko a jona wayar da fawabank.

Gidaje da yawa a Argungu da Yauri da ƙauyukan kewaye har yanzu tsohuwar talabijin mai ramuka uku suke da ita, rawaya na hoto, fari da ja na sauti. Ana iya haɗa ta da ɗan akwatin da ke mayar da HDMI zuwa AV, amma hanya ɗaya yake bi. Wanda aka rubuta wa HDMI2AV shi ake nema, AV2HDMI akasinsa ne kuma kamanninsu ɗaya. Yana buƙatar wutarsa ta 5V, kuma a gefensa akwai ɗan maɓalli mai PAL da NTSC. Najeriya PAL take bi, in ka ga hoto ba kala ko yana birgima, tura maɓallin can. Majigi mai ramin VGA kuwa hoto kaɗai yake karɓa, don haka a nemi adaftar da ke da ramin sauti a gefe, a ja kebul daga nan zuwa sifika.