Ranar da ZFS ta ƙi komawa Laraba

Ni ke kula da sabar wani shagon sari a Alabar, nan Kumasi, inda ake sayar da shinkafa da sukari buhu-buhu, man girki kwali-kwali. Suna da reshe a Aboabo da wani a Tafo, kuma duka saba ɗaya suke shiga, wadda ke ɗakin sama tare da inbatarta saboda dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Ubuntu 22.04 ce a kanta, wani nau'in tsarin Linux, da LXD 5.0, manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa ƙananan sabobi da ake kira kwantenoni, ma'ajinta kuma ZFS, wato tsarin da ke shirya fayiloli a faifai. Kwantenonin da ke ciki irin masu ɗauke da cikakken tsarin Linux ne, da systemd ɗinsu mai tayar da manhajoji da cron ɗinsu mai gudanar da ayyuka bisa jadawali, kanel kawai, wato zuciyar tsarin, suke ara wurin uwar saba. Mafi muhimmanci ita ce wadda manhajar ciniki ke ciki, kuma a lokacin rumbun bayanan MariaDB yana cikinta shi ma, a faifai ɗaya da manhajar.

Kowane dare da ƙarfe biyu LXD yana ɗaukar sinafshot na wannan kwantena, wato yana riƙe yanayin faifanta kamar yadda yake a wannan daƙiƙar, bayan mako biyu kuma ya share tsohon. Wani sauƙi da mu ƴan Gana muke da shi shi ne agogonmu daidai yake da UTC duk shekara, saboda haka lokacin da ka gani a jerin sinafshot shi ne na agogon bango.

Ranar wata Alhamis aka sabunta manhajar. Ba ta faɗi ba, ba ta yi gardama ba, sai dai ta fara lissafin ragi ba daidai ba ga masu ɗaukar kaya da yawa. Sai Litinin akawun shagon ya lura. Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, ai ka ce kullum kana ɗaukar hoton abin nan. Mayar mana da shi yadda yake ranar Laraba." Na ce to, Alhaji, bari in hau sama in duba.

Na tsayar da kwantenar, na buga `lxc restore` da sunan sinafshot ɗin daren Laraba. LXD ya ƙi. Saƙon da ya ba ni shi ne ba za a iya komawa wannan ba saboda akwai waɗansu a bayansa, in kuma na dage, in kunna `zfs.remove_snapshots`.

A nan ne mutum ke bukatar ya cire hannu daga kibod ya yi tunani, domin saƙon ya faɗa maka maganin amma bai faɗa maka tsadarsa ba. ZFS tana jera sinafshot ne a layi ɗaya, kuma umarninta na komawa baya yana iya kai ka ga na ƙarshe ne kawai. In kana son na can baya, dole a rushe duk waɗanda suka biyo bayansa. Kamar littafin bashi ne da ba za ka iya buɗe shafin Laraba ba sai ka yage na Alhamis zuwa Lahadi ka ƙona. Wannan saitin da LXD ke ba ka shawara, izinin yagewar ne. Abin da ya fi ciwo, dabarar da kowa zai fara tunani, wato ɗaukar sabon sinafshot kafin a koma baya don gudun ko-ta-kwana, ba ta da amfani a nan, tunda shi ma sabon yana cikin waɗanda za a rushe. Btrfs, wani tsarin ma'aji makamancin ZFS, ba ta da wannan halin, kana iya komawa kowanne ba tare da taɓa sauran ba, kuma wanda ya saba da ita zai iya faɗawa ramin nan ido buɗe.

A wurinmu kuwa abin da ke tsakanin Laraba da Litinin ba ƙarami ba ne. Akwai cinikin Juma'a da Asabar, da kayan da matan kasuwar Kejetia suka ɗauka bashi, da waɗanda suka biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, aka rage musu. Duk suna cikin MariaDB, ita kuma tana kan faifan da ake shirin mayarwa baya. Na sauko na yi wa Alhaji bayani cewa in muka koma Laraba, manhaja za ta warke amma za ta manta wanda ya ci bashi da wanda ya biya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "A'a ɗana, kada ka taɓa min bashi. Nemo wata hanyar."

Ko da na kunna saitin ma, da bai wuce ba. Yaron da ke taimaka min ya kwafi wata kwantenar gwaji daga sinafshot ɗin Juma'a, kuma LXD a kan ZFS, in ba ka kashe `zfs.clone_copy` ba, ba ya yin cikakken kwafi. Reshe yake fitarwa wanda ya dogara da sinafshot ɗin, shi ya sa kwafin ke gamawa nan take kuma ba ya cin wuri. Muddin reshen na raye, ZFS ba za ta saki tushensa ba.

Hanyar da ta fisshe mu ita ce barin asalin kwantenar yadda take, a fitar da sabuwa daga sinafshot ɗin Laraba da `lxc copy`. Wannan ba ya rushe komai. Amma kwafin yana zuwa da duk saitin uwarsa, kuma nan ne aikin ya ci min lokaci.

Ya ƙi tashi da farko, domin ya gaji na'urar da ke sauraren ƙofa ta 80, inda buƙatun yanar gizo ke shigowa, a kan uwar saba, ita kuma asalin kwantenar, da na sake kunnawa don shago ya ci gaba da ciniki, tana riƙe da ƙofar. Wannan mai sauƙi ne, cire na'urar kawai za ka yi. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ba ya kuka. Hotunan rasit da takardun kaya muna ajiye su a wani kundi dabam da aka maƙala wa kwantenar. Sinafshot na kwantena faifanta na tushe da saitinta yake ɗauka, ba ya haɗawa da irin wannan kundin. Saboda haka kwafin Laraba, da zarar ya tashi, kundin yau zai maƙala, wanda shago ke rubutu a ciki a daidai wannan lokacin. Manhajar kuma tana da aikin share duk hoton da ba shi da rijista a rumbun bayanai. Rumbun Laraba bai san rasit ɗin Juma'a ba, da ya ɗauke su a matsayin shara.

Sai kuma cron. Manhajar na tura saƙon waya ga masu bashi kowace safiya. Kwafin bai san an kai Litinin ba a harkar kuɗi, da ya tuna wa Hajiyar da ta biya tun Asabar cewa ana bin ta. Wanda ya san kasuwa ya san irin wannan saƙon kan raba shago da abokin ciniki na shekaru. Kafin in tayar da shi, na cire kundin, na kuma toshe katin sadarwarsa ta hanyar ƙara na'ura mai suna eth0 irin `none`, wadda ke rufe wadda ya gada. Da `lxc exec` ake shiga, ba a bukatar hanyar sadarwa.

Da ya tashi, MariaDB ta ɗan jima tana gyara kanta. Sinafshot ɗin da aka ɗauka kwantena na aiki, a wurin rumbun bayanai daidai yake da an ɗauke wuta ba zato. Teburan InnoDB sun farfaɗo da kansu daga kundin tarihinsu, amma wani tsohon tebur na MyISAM ya fito da alamar lalacewa sai da aka yi masa gyara. Akwai nau'in sinafshot mai riƙe har abin da ke ƙwaƙwalwa, wanda ya dogara da wata manhaja mai suna CRIU. Na gwada shi a kwantenoni masu systemd, bai taɓa ba ni abin da zan dogara da shi ba, na bar shi.

Daga nan aiki ya zama na hannu. Na kwaso fayilolin tsohuwar manhajar daga kwafin, na kwatanta tsarin teburan Laraba da na Litinin, na tarar sabuntawar ta ƙara ginshiƙai ne kawai ba ta cire ba. Bayan isha'i, da rassa suka rufe, na fitar da bayanan ranar da `mysqldump`, na mayar da tsohuwar manhajar a kan rumbun yau. Akawu ya zauna da rasit ɗin da ragi ya shafa ya gyara su ɗaya-ɗaya.

Ba da jimawa ba wata makarantar Islamiyya a Asawase ta kawo min wata matsalar mai kama da wannan. Tsohuwar sabarsu ta mutu, amma suna da kwafin kwantena a faifan waje, CentOS 7 ce a ciki, wani tsohon nau'in Linux. Shigar da ita sabuwar na'ura bai ba da wahala ba, tashi ne ta ƙi yi yadda ya kamata. Ubuntu ta koma cgroup v2, sabon tsarin raba wa manhajoji ƙarfin na'ura, tun siga ta 21.10, systemd na CentOS 7 kuwa sigar 219 ce, ba ta san shi ba. Wani babban fayil ɗinsu kuma da hannu aka kwafe shi daga uwar saba, sai komai ya bayyana mallakin lamba 65534, wato ba na kowa ba, saboda tushen kwantena a LXD lamba 1000000 ne a idon uwar saba. Ban yi kokawa da tayar da ita ba, tunda tallafin CentOS 7 ya ƙare ranar 30 ga Yuni 2024. Na ciro bayanan ɗalibai na zuba a sabuwar kwantena.

A shagon Alabar yanzu MariaDB ta koma kundinta na kanta mai jadawalin sinafshot dabam, don a iya mayar da manhaja baya ba tare da an taɓa bashi ba. Kowane dare ana fitar da `mysqldump`, kowane mako kuma `lxc export` zuwa wata na'ura a reshen Tafo, domin sinafshot da asali duk a faifai ɗaya suke kwana. Ba na sa `--optimized-storage` a fitarwar, tunda abin da aka fitar da shi sai a kan ZFS yake shiga, na'urar Tafo kuwa ext4 ce a kanta, ba ZFS ba. Farkon kowane wata yaron nan yana shigar da fitarwar can, ya toshe eth0, ya tayar da ita, ya zuba mata bayanan `mysqldump`, ya kira akawu su kwatanta jimillar bashin rana ɗaya da abin da ke littafinsa. Alhaji na maganar mu koma Incus, reshen da ya fito a 2023 bayan Canonical ta janye LXD daga ƙarƙashin Linux Containers, domin wani ɗansa ya faɗa masa. Na ce masa za mu iya, akwai `lxd-to-incus` na yin ƙaurar, amma ZFS ɗin da ke ƙasa ita ce dai, kuma a can ma ba za ta koma Laraba ba sai an rushe Alhamis.