Abin da awon Gidan Makama ya koya mini

Muna karatun zanen gine-gine aka ba mu aikin auna wani tsohon gini mu fitar da taswirarsa. Na zaɓi Gidan Makama na Kano, wanda ke daura da fadar Sarki. Tun ƙarni na 15 ake danganta gidan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a cikinsa, yanzu kuwa gidan tarihi ne da gwamnati ke karewa.

Bangon ne ya fara ba ni mamaki. Gindinsa kakkaura, yana hawa yana sirancewa, har na riƙa auna kowane bango sama da ƙasa. Tubalin ciki mulmulalle ne mai tsini, ana jera shi a tsaye a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Kaurin nan ne ke sa ko a tsakiyar bazara ka shiga zaure ka ji sanyi.

Rufin kuwa sai da na nemi wani dattijon magini. Na ce, “Baba, yaya azara ke ɗaukar soro mai faɗi haka?” Ya ce azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma in aka tsawaita ta da yawa sai ta lanƙwashe. Don haka ake ɗaura bakan gizo: a kafa azara cikin bango, a ɗora wata ta ɗan zarce ta, a ɗaure, a bi da ƙasa, har na wannan gefe ya haɗu da na wancan. Bakunan su raba rufin gida-gida, kowane gurbi daidai tsawon azara. Kwalliyar da nake kallo ashe lissafi ne.

Daga bakinsa na fahimci ruwa ne babban abokin gabar ginin ƙasa. Indararo ya toshe, damina ɗaya ta isa ta jiƙa azara. Shi ya sa ake sabunta yaɓe, a bi shi da makubar ɗorawa. Siminti kuwa abin ya dame ni ƙwarai, domin a unguwarmu na ga an shafe wani tsohon soro da shi da sunan gyara. Danshi ya maƙale a ciki, ƙasar ta ruɓe ba wanda ya sani, bayan ’yan damuna simintin ya ɓallo da rabin bangon.