Abin da nake nema ga yaron da zai shiga aji ɗaya

Ni malamar aji ɗaya ce a wata firamaren gwamnati a cikin garin Sakkwato. Duk watan Satumba nakan ji magana iri ɗaya daga bakin iyaye mata. Uwa ta turo yarinya gabana ta ce, "Malama, wagga ɗiya ta iya ƙirga hal ɗari, ta iya ABC duka." Sai in ce madalla, Allah Ya yi albarka. Bayan uwar ta tafi, in zuba wa yarinyar murafun kwalba a kan benci in ce ta miƙo mini shida. Sau da yawa bakinta ya riga ya kai goma, yatsanta yana kan murfi na huɗu.

Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin na san kuɗin da iyaye suka kashe a nasare kafin a kai ga wannan ɗari ɗin. Jero lambobi da baki hadda ce kawai. Sanin adadi shi ne yaro ya taɓa abu ɗaya ya faɗi lamba ɗaya, ya kuma gane cewa lambar da ya tsaya a kai ita ce yawan abin duka. A madafa ake koyon wannan. Ki ce, "Ɗauko mini albasa uku." Idan ya kawo biyu, ku ƙirga tare ki tambaye shi saura nawa. Ki ba shi dabino shida ya raba wa kansa da yayyensa biyu, ki tsaya ki ga yadda zai yi: ɗaya naka, ɗaya naki, ɗaya nawa. Ya fara lissafin rabawa ke nan tun bai san sunansa ba.

Sai hannu. Ina jin tausayin ɗan shekara uku da ake ba aikin gida ya cika shafi da A. Yatsunsa ba su ƙosa ba, sai ya damƙe fensir kamar muciya, ya gaji, ya yi kuka, ya tsani littafin tun kafin ya san daɗinsa. Abin da ke ƙarfafa yatsu yana nan a tsakar gida: ɓare gyaɗa, tsince tsakuwa a wake, mulmula fura kusa da uwa, zira duwatsun ado a zare, carafke da yayye mata. A bar shi ya yi zane da tsinke a rairayi, ko da gawayi a ƙasa, manyan da'irori da layuka son ransa. Malamanmu na allo sun daɗe da sanin wannan. Ɗan kotso ba ya fara da riƙe alƙalami. Malam ne ke rubuta masa, shi kuma yana ji, yana maimaitawa, yana bin baƙi da yatsa: alu, ambaki, wau, zal. A yi babbaƙu, a yi farfaru, sai can gaba hannunsa ya kai ga tawada.

Inda na fi so a tsaya shi ne magana. Yaron da ake hira da shi a gida, daga makon farko nake gane shi. Yana iya sauraro har a kai ƙarshen zance, yana iya ba da labarin abin da ya gani a hanya, farko da tsakiya da ƙarshe. Tatsuniya ke gina wannan. In kin ce "ga ta nan, ga ta nanku", kada ki zarce har "ƙurunƙus" ke kaɗai. Ki dakata a tsakiya ki ce, "To, me kake gani Gizo zai yi yanzu?" Gobe ki ce shi ya ba ƙanensa. Uba ma yana da nasa rabo. In za ka Tsohuwar Kasuwa ka tafi da shi, ka nuna masa baduku yana ɗinkin fata, ka faɗa masa sunan basilla, ka bar shi ya yi tambaya ko da tambayar ta yi yawa.

Kuma a yi duk wannan da Hausa, ba tare da jin kunya ba. Manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013, a wancan lokacin, ta ce a koyar da 'yan share fage da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu, kuma a aji na ga dalilin haka. Rubutun Hausa yana bin furuci kusa da kusa. Yaron da ya saba tafa hannu yana rarraba suna gaɓa gaɓa, ra-ƙu-mi, tu-lu, ka-za, ranar da na rubuta "ka" da "za" a allo zai haɗa su da kansa, ya ɗago kai yana dariya. Wasan karya harshe irin na ƙato da kwaɗo da suka je neman ƙoto yana horar da kunne ya raba k da ƙ, abin da ke ba manyan ɗalibai ma wahala. Turanci zai zo, kuma ya fi zama ga yaron da ya riga ya gane yadda karatu ke aiki a harshensa.

Game da waya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallo, ƙasa da haka ya fi. Ta kuma ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13. Na san da zafin Afrilu, ga rashin wuta, barcin dare yana wuya a garin nan, shi ya sa nake roƙon a bar musu ƙailula.

Shekara shida ake shiga aji ɗaya, kuma manufar 2013 ɗin nan ta tanadi shekara guda ta share fage ga 'yan shekara biyar. Ku tambayi hedimastan firamaren unguwarku ko suna da ajin. Kafin ranar, a koya wa yaro ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, Mabera ce ko Runjin Sambo. Ya iya sa takalmi, ya buɗe kwanon abincinsa, ya ɗauki buta ya kewaya shi kaɗai ya wanke hannu da sabulu, ya kuma iya buɗe baki ya ce, "Malama, ina jin fitsari." Ajinmu cike yake, hannuna biyu ne, kuma yaron da ya matse fitsari tun safe saboda tsoro ba ya jin komai daga abin da nake faɗa a gaban allo.