Agogo ya ce lafiya lau, uwargida ta ce a'a

Shekara uku uwargidana tana nanata mini magana ɗaya: "Baban Ummi, ni ba minsharin ne ke damuna ba, shirun da ke biyo bayansa ne. Sai numfashinka ya ɗauke ɗif, in yi ta ƙirge, can sai ka zabura kamar wanda aka shaƙe." Ni kuwa sai in miƙa mata hannu ta ga agogon da na saya a wani shago a Ƙofar Ƙaura, wanda kullum da safe yake shaida mini na yi barcin awa bakwai. Ciwon kan asuba na ɗora wa zafin gari, gyangyaɗi a masallacin Juma'a na ce gajiyar kasuwa ce. Sai ranar da barci ya fizge ni ina tuƙi daf da Charanchi, ƙarar tsakuwar gefen titi ta farkar da ni, sannan na yarda na je ganin likita.

Ƙannena masu ɗaura irin waɗannan agoguna, nawa ƙirga awoyi kawai ya iya. Ko manyan, na Samsung da Apple, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince a 2024 su riƙa gargaɗi kan ɗaukewar numfashi a barci, iyakarsu su ce ka je ka ga likita. Shirunsu kuma ba shaidar lafiya ba ne.

Gwajin da likita ya sa na yi, a ɗakina na yi shi: siririn bututu a hanci, ɗamara a ƙirji, ɗan maƙale a yatsa mai auna iskar oksijin. Na'urar tana ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu na daƙiƙa 10 ko fiye a cikin awa guda. Daga 5 an shiga matsala, 30 zuwa sama ta yi tsanani. Nawa ya haura 30, ga hawan jinin da na daɗe ina sha wa magani ba ya sauka.

Daren farko ma ɓata shi na yi. Na raba dare ina shan shayi a majalisa, bututun ya zame ban gyara ba, dole aka sake. Ranar gwaji ku kwanta lokacin da kuka saba, ku manne bututun da filasta a kumatu.

In za ku asibiti, ku tafi da wanda ke jin barcinku, mata ko abokin ɗaki. Likitan ya fi minti goma yana yi wa uwargida tambayoyi, agogon ko kallonsa bai yi ba.