Saƙon godiya, da bashin buhu talatin

Assalamu alaikum.

Alhamdu lillahi, walimar da aka yi a gidanmu nan Birnin Kebbi ranar Asabar ta tashi lafiya. An mayar da tabarmin masallaci, masu kujerun haya sun kwashe kayansu, saura kuloli biyu da har yanzu ba mu san masu su ba. Waɗanda suka taso daga Jega, Argungu, Kalgo da Bunza, da abokan karatuna biyu da suka yi sammako tun daga Zuru, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Wanda gayyata ba ta kai gare shi ba ya yafe mini. Ni kaina ban san taron zai kai haka ba, Inna ce ta sani, don kwano goma na ce a dafa, ta dube ni ta dafa ashirin.

Na kammala digiri a fannin gini da tafiyar da ayyukan gine-gine. Karatun shekara biyar ne a takarda, ni kuwa sai da ya ci mini kusan bakwai. A 2020 korona ta haɗu da yajin aikin malaman jami'o'i, muka zauna gida tun watan Maris har shekara ta ƙare. A 2022 aka sake wani, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ba ƙorafi na zo yi ba. Kawai dai abin dariya ne a ce mai karatun yadda ake gama aiki a kan lokaci, nasa aikin ya yi lattin shekara biyu.

Kafin in ci gaba, ga roƙo. Tun ranar walima kowa Injiniya yake ce mini, har da Gwaggo. Ina jin daɗi, amma ba sunana ba ne. Injiniya shi ne wanda ya karanci injiniyanci kuma hukumar COREN ta yi masa rajista. Mai zanen gida daban, mai ƙiyasin kuɗin gini daban. Mu namu shi ne mu karɓi zanen mu mayar da shi gini: wa zai fara, wa zai biyo baya, kaya nawa, kwana nawa, kuɗi nawa, kuma a tashi ba wanda ya karye. Hukumarmu ita ce CORBON, wadda doka ta kafa a 1989, ita ma ban kai ga rajistarta ba tukuna. Saboda haka 'yan'uwa masu turo mini hoton fili suna cewa in zana musu ɗaki uku da falo, a yi haƙuri.

Godiya ta farko ta Baba ce. Wanda ya san gidanmu ya san Baba birkila ne, ya fi shekara talatin yana riƙe da cokalin gini. Bai yi boko ba. A duk watannin yajin aiki ba ya barina in kwanta. Da an sallame asuba sai ya ce in ɗauko kwanon sarki in biyo shi. A lokacin haushi nake ji, ina ganin ɗan jami'a ya wuce ɗaukar kwaɓi. A can na koyi gane bulon da aka yi wa rowar siminti, wanda in ka murza gefensa da yatsa sai ya zube kamar garin kwaki. A can na ga yadda yashin gulbi mai laka ke cin amanar filasta.

Wata rana ina aji uku na kawo masa jadawalin aiki da na zana, irin mai layuka a kwance da ake dangantawa da Henry Gantt, wani Ba'amurke da ya yaɗa shi fiye da shekara ɗari da suka wuce. Na shimfiɗa masa a tabarma ina ta bayani: ga tushe, ga bulo, ga linta, ga rufi, ga jerin ayyukan da in ɗaya ya yi jinkirin kwana guda dukan gini ya yi jinkirin kwana guda. Ya saurara har na gama. Sai ya ɗora yatsa wajen watan Nuwamba ya ce, “To, ina ka sa yankan shinkafa?” Na ce ban gane ba. Ya ce, “Wanga wata leburanka duk suna fadama. Wa ka ɗaukar maka kwano?” Na naɗe takardata. Washegari na gyara ta, kuma ita ce ta ba ni maki mafi yawa a wannan darasin. Baba, Allah ya ƙara girma, ya sa ka ci moriyar wahalarka.

Inna kuwa ban san ta inda zan fara ba. Ambaliyar da aka yi a daminar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar nan, ta haɗa da 'yar gonarmu. Ko buhu ɗaya ba mu ɗauka ba. Da aka koma makaranta ba ni da kuɗin rajista. Ita ce ta karɓi kwasar adashinta tun lokacinta bai yi ba, ta haɗa da tunkiyarta mai ciki, ta ƙulla kuɗin a bakin zane ta miƙo mini, ta ce kada in gaya wa Baba nawa ne. Yau na faɗa, Inna, ki gafarce ni. Yayata da ta ba ni aron kwamfutarta na wata ɗaya, na riƙe shekara uku, da Kawu na Jega da bai taɓa barina in bar shagonsa hannu wofi ba, Allah ya biya ku.

Malamaina na gode, musamman wanda ya duba aikina na ƙarshe, ya mayar mini da babi na biyu har sau huɗu. Akwai kuma wanda ba zan manta darasinsa ba. Satin da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum sama da arba'in suka rasu, ya shigo aji bai buɗe littafi ba. Ya sa kowannenmu ya rubuta sunan mutum ɗaya da ya sani mai aikin lebura, ya ce mu riƙa tuna wannan sunan duk ranar da wani ya ce mu rage rodi. Ni ban sha wahalar neman suna ba.

Yanzu ga wanda saboda shi na fi son yin wannan rubutu, ga shi kuma ba ya Facebook. Wanda ke kusa da shi ya karanta masa.

A aji huɗu ana tura mu horon sanin makamar aiki na wata shida. Na samu wuri a wani ginin bene hawa ɗaya a cikin gari. Shugaban ma'aikatan wurin wani dattijo ne, Baba muke ce masa, shi kuma ɗan makaranta yake ce mini, bai taɓa kiran sunana ba. A watan Fabrairun 2024 aka zo zuba dakin, wato shimfiɗar kankaren da ke zama ƙasan hawa na sama. Ogan da ke kula da aikin zai yi tafiya, ya ce in fitar da lissafin siminti. Na zauna na buga: faɗin dakin murabba'in mita 120, kauri milimita 150, kankare kubik mita 18 ke nan. Haɗinmu siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, wanda ke cin buhu shida da ɗoriya a kowace mita. Na samu 115, na ƙara biyar saboda ɓarna, na rubuta 120, har da ja masa layi biyu a ƙasa.

Da safe, ƙarfe shida da rabi, dattijon ya zagaya tarin simintin sau ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi katakon da aka kafa, ya ce, “Ɗan makaranta, wanga ba ya isa.” Na zaro takarda na nuna masa. Bai karɓa ba. Ya ce, “To, madalla,” ya wuce.

Aka tayar da injin kwaɓi. Leburori kusan talatin suka yi layi a kan tsani, kwano na hawa, kwano na sauka, ana waƙa, iskar hunturu na busar da kankare tun yana kai. Ni ina tsaye da littafi ina ƙirga buhunan da aka fasa. Wajen la'asar na duba tari na duba sama, gabana ya faɗi. Buhu goma sha ɗaya suka rage, ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dakin rodi ne tsirara. Nan take na gane abin da na yi. Na lissafa shimfiɗar, na manta bim-bim ɗin da ke ƙarƙashinta, wato ginshiƙan kankare na kwance masu ɗauke da ita, waɗanda su kaɗai sun sha buhu ashirin da wani abu.

Wanda ba ya harkar ba zai gane tashin hankalin ba. Kankare ba ya jira. In ka tsaya a inda bai dace ba, na farko ya daskare, gobe ka zuba sabo a jikinsa, ba za su zama abu ɗaya ba. Wurin ya zama tabo, nan ruwa zai bi, nan tsaga za ta fara. Ga shi a wannan watan siminti ya haukace. Buhun da ake saye wajen naira dubu biyar a 2023 ya haura dubu goma a wurare da yawa, farashin safe daban na yamma daban, masu shago ba sa ba kowa bashi. Na kira Oga, wayarsa ba ta shiga. Na tsaya da waya a hannu, wallahi ƙafafuna rawa suke yi.

Sai ga Keke Napep biyu da wata tsohuwar a-kori-kura sun shigo. Buhu talatin. Ashe tun ƙarfe bakwai na safe dattijon ya aika yaro wurin wani mai shago da suka yi shekara ashirin suna hulɗa, ya ce a ajiye masa talatin a farashin safe, a bakinsa, a kawo bayan la'asar. Kuɗin ya kai dubu ɗari uku, shi da ko rabinsu ba ya samu a wata. Aka sauke, injin bai tsaya ba, muka rufe dakin ana kiran isha'i da hasken fitilar waya. Buhu huɗu suka rage.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai faɗa a gaban kowa ba. Da Oga ya dawo ya tambayi yadda aka yi, cewa ya yi, “Mun ƙara talatin, ni da ɗan makaranta munka ga bim ɗin na da zurfi.” Ni na je da kaina daga baya na faɗi gaskiya, Oga ya yi mini faɗan da na cancanta, ya biya mai shago. Kwana bakwai ina zuwa da asuba ina ba dakin ruwa da hannuna, ban bar wa kowa ba. Da aka cika kwana 28 aka fasa ƙananan tubalan gwajin da muka ɗiba ranar, ƙarfinsu ya kai abin da ake nema. Na kai masa takardar sakamakon, ya juya ta sama da ƙasa ya miƙo mini, ya ce shi tun ranar da aka cire katakon gefe ya sani.

Baba na wurin gini, ka zo walima ka zauna can baya wajen takalma, na yi na yi ka matso ka ƙi. Na gode. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira kamar yadda ka rufa mini. Kafintoci, masu ɗaurin rodi, leburori, mai tankar ruwa da ya yi sawu uku a ranar, da matar da ke kawo mana fura tana bina bashi har ƙarshen wata, duk ina gaishe ku.

Yanzu ina jiran takardar bautar ƙasa, a taya ni da addu'a. Kafin ta fito ina wurin Baba na gida. Ya riga ya gaya mini ranar Litinin akwai zuba linta a Badariya, kuma kada in zo masa da takalmin walima. Mai kula ja da mai kula shuɗiya marar murfi, suna wurin Inna.