Fawa a Titin Spintex

Titin Spintex da ke Accra ya samo sunansa ne daga wata masaƙa da ke wurin tun kafin unguwar ta cika, kuma dattawanmu suna tuna lokacin da babu abin da ke gefensa sai masana'antu, ɗakunan ajiyar kaya da fili mai ciyawa. Titin ya tashi daga mahaɗar hanyoyi ta Tetteh Quarshie, ya bi gefen babbar hanyar Tema wadda aka buɗe a 1965 zamanin Nkrumah, ya ratsa Baatsona har ya kai Sakumono. Gidaje ne suka fara zuwa, domin masu hali da suka rasa fili a tsakiyar Accra sun gangaro gabas suna gini. Da aka buɗe Accra Mall a 2008 a bakin titin, sannan Junction Mall a Nungua a 2014, sai bankuna, otal-otal, kantunan tayil da gidajen abinci suka jeru har babu masaka tsinke.

Ni mahauci ne, na gaji fawa a Nima wurin mahaifina, kuma yau ina da ɗan ƙaramin kamfani a Baatsona wanda ke kai nama ga gidajen abinci da otal-otal. Abokan sana'a sukan ɗauka cewa manyan kantunan nan ne suke ciyar da mu, alhali kuwa ba na sayar musu ko kilo ɗaya, domin suna da nasu masu kawo kaya da sharuɗɗan da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya cikawa ba. Abin da suka yi mana shi ne sun jawo jama'a, jama'a kuwa sai sun ci. Ma'aikacin banki da ya fito da azahar, mai gadin kanti, da direban da ya sauke kaya duk suna neman shinkafa da wake ko tuwo da nama a kusa, masu dafa musu su ne abokan cinikina.

Aikin yana farawa ne a karar Tulaku da ke kusa da Ashaiman, inda manyan motoci ke sauke shanu daga arewacin Ghana, Burkina Faso, Mali da Nijar. A nan ido ne jarin mahauci: sai ka dubi tozo, ka shafa haƙarƙari, ka ƙiyasta tsokar da sa zai bayar kafin dillali ya gama yabonsa. Daga kara sai mayanka ta unguwar Community 20 a Tema, inda likitan dabbobi yake duba dabbar kafin yanka da bayan fiɗa, ya buga hatimi. Bayan haka sai rarrabawa, kuma a nan ne sabuwar unguwar ta sauya mana hannu. A teburin Nima mai saye yakan nuna da yatsa, a auna masa laba, a ƙara masa gyara, ya biya ya tafi. Mai dafa abincin otal kuwa tantaƙwashi yake so zalla, babu kitse babu jijiya, a kan kilo, da takardar kaya mai lambar haraji. Sa ɗaya ba duka ne tantaƙwashi ba, saboda haka dole mutum ya riƙe masu tsire, masu shinkafa da wake da masu sayen ganda da kayan ciki, in ba haka ba ribar tana nan kwance a cikin firiza.

Cunkoson titin shi yake tsara mana lokaci. Motarmu takan gama zagaye kafin ma'aikata su fito, domin nama ba ya jiran layin motoci cikin zafin Accra. Gadar Flower Pot da aka buɗe a 2024 ta sassauta cunkoso a ɓangaren Tetteh Quarshie, amma tsakiyar titin tana nan da ƙuncinta.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne bashi. Mai shanu a Tulaku kuɗi hannu yake so, kuma lissafinsa da sefa yake yi, tun da ƙasashen da ke amfani da ita zai koma ya sake sayo wasu, yayin da otal yake biyana da sidi bayan wata guda. A 2022, lokacin da sidi ya faɗi kuma hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a watan Disamba, kuɗin da ya dawo daga sa uku da ƙyar yake sayen biyu. Ga kuma masu shaguna da ke neman hayar shekara biyu a dunƙule, duk da cewa dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin gaba a wata shida, ga man janareta na ɗakin sanyi duk ranar da aka ɗauke wuta. A ganina babban abokin ciniki mai jan biya ya fi ƙaramin mai biya nan take haɗari, ko da sunansa yana ƙara wa kamfani kwarjini. Shi ya sa yanzu ba na ba kowa kaya fiye da bashin mako biyu, kuma kusan rabin cinikina ya koma ga magidantan Lashibi da Sakumono, waɗanda suke aiko da saƙo ta WhatsApp, su tura kuɗi ta waya kafin yaro ya ɗaura kayan a babur.