Siffler: fito, usur da ihun ƴan kallo a Faransanci

Bahaushe ya raba fito da busa usur, amma Faransanci ya haɗa su a aikatau ɗaya, siffler. Mai son fahimtarsa sai ya duba abu biyu: wa ke yi, kuma wa ake yi wa.

Sarrafa shi ba wuya, don yana cikin rukunin farko masu ƙarewa da -er: je siffle, tu siffles, il siffle, nous sifflons, vous sifflez, ils sifflent. Shuɗaɗɗen lokaci da aikatau mai taimako avoir yake tafiya: j'ai sifflé, wato na yi fito. Ana rubuta f biyu. Wajen furuci, a ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa, domin f ɗinmu ta Hausa da leɓɓa biyu take fita, a wasu sassan Nijar ma har ta koma h. Kada kuma a cusa wasali tsakanin f da l, ya zama "sifile". A kiyaye shi da souffler, wanda ke nufin hura iska.

A filin ƙwallo ne aka fi tuntuɓe. L'arbitre siffle un penalty, alƙalin wasa ya busa bugun fenareti ke nan. Il siffle la fin du match, ya busa tashi. Amma in aka ce le public siffle un joueur, ba yabo ba ne ko kaɗan, ƴan kallo ne ke yi wa ɗan wasan fiton ƙi. Shi ya sa ake cewa il s'est fait siffler, wato ya sha ihu. Haka aka yi wa taken Faransa a filin wasa na Stade de France ranar 6 ga Oktoban 2001, a wasansu da Aljeriya, abin da ya tayar da ƙura a ƙasar. Ni a ganina wannan ma'anar ya kamata ɗalibi ya fara riƙewa, don mai fassara labarin wasanni da ya juya ta ya ɓata labarin gaba ɗaya.

Maciji ma siffle yake yi idan yana huci, haka iska mai ƙarfi, da butar shayi in ta tafasa. Siffler son chien kiran kare ne da fito. Siffler un verre kuwa shanye kofi ne a tashi ɗaya, maganar hira ce, ba a sa ta a wasiƙar ofis. Usur ɗin kansa un sifflet ne, ƙarar fito un sifflement, busa ɗaya kuma un coup de sifflet.